Shafi Biyun Da Aka Manne Da Ƙaro

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, zamanin da kaset ke tashe, tun wayar nan ba ta zo ta ɗauke muku hankali ba. Ku matso ku saurara. Kai na jikin ginshiƙi, ina ganinka, in gyangyaɗin ne ka ɗan daure. Mata na bayan labule, in ba kwa ji ku yi gyaran murya in ɗaga.

Sunansa Badamasi, gyaran rediyo yake yi a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne, in ya wuce ka a hanya ba za ka waiwaya ba. Matarsa Rakiya ta yi makarantar horon malamai, har ta ɗan koyar kafin aure. To makarantar garin tana ƙetaren rafi. Da damina yara ba sa iya zuwa, da rani kuma in sun je malamin ne ba ya zuwa. Sai miji da mata suka zauna suka yanke cewa 'ya'yansu a gida za su yi karatu. Allo da safe wajen uban, boko da hantsi wajen uwar, a ƙarƙashin rumfar kara a tsakar gida.

Ba abin da mutanen gari ba su ce ba. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce zai kashe wa yara gaba. Kun san halinmu, mutum bai kai nasa makaranta ba, bai koya musu a gida ba, amma shi ne kan gaba wajen ba da fatawa a kan 'ya'yan wani. Badamasi in an faɗa masa sai ya ce "Allah ya kyauta," ya sunkuya ya ci gaba da gyaransa.

A gidan akwai wata adaka cike da tsofaffin littattafan Hausa, irin labaran mutanen da, waɗanda kakanninku suka karanta a elementare. Da su Rakiya ke koya wa yaran karatu. Babbarsu Kubra, a lokacin ta zama budurwa, ta iya karatu ƙwarai, in tana yi sai ka ajiye abin da ke hannunka.

Wata rana Sarkin Makafin garin ya kawo rediyonsa gyara. Yana zaune a benci yana jira, Badamasi kuma yana gwada wata rikoda da kaset ɗin da ya ɗauki muryar Kubra tana karanta labari. Sarkin Makafi ya karkata kunne.

Ya ce, "Malam Badamasi, wace tasha ce wannan?"

Ya ce, "Ba tasha ba ce, ranka ya daɗe. 'Yar wajena ce take karatu."

"To kada ka kashe." Ya saurara har kaset ya ƙare, sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ka san mu ba mai karanta mana komai sai takardar asibiti? Cikinmu akwai waɗanda suka yi elementare da idonsu. Littattafan nan sun san su, sun yi kewarsu."

Badamasi ya koma gida da maganar, ya faɗa wa Rakiya. Ta ce, "Ai wannan shi ne darasin da ya fi kowanne. Yara su yi karatu, bayin Allah su amfana." Shi ke nan aka fara, ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su.

Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Ɗakin ajiya suka share, suka rataya tabarmi da tsofaffin barguna a bango don kada murya ta yi amo. Sai an jira maƙwabta sun gama daka. Sai an kora kaji waje, a ɗaure akuya can bayan gida a zuba mata dusa ta yi shiru. Kana tsakiyar zance mai daɗi zakara zai yi cara, sai a tariyo a sake. Wani ya yi tari, a sake. Mai tallan manja ta rafka sallama, a sake. Uban ke karanta bayanin mai labari, Kubra ta yi muryar mata da samari, ƙannenta su karɓi ƙananan wurare, uwar tana riƙe da littafi tana bi da yatsa. In an gama sai Badamasi ya kwafa a tsofaffin kaset-kaset ɗin da mutane suka ba shi, ya kai zauren Sarkin Makafi, inda makafin suke taruwa bayan la'asar suna tufkar igiya.

Kuma akwai abin da yake faɗa a farkon kowane kaset, da bakinsa. Ya yi bisimilla, ya ce, "Wannan littafi mun karanta muku shi yadda mai shi ya rubuta, ba ragi, ba ƙari." Ku riƙe wannan. Ya ce mai ido in an yi masa ha'inci a karatu yana iya karɓar littafi ya duba, makaho kuwa bakinka ne kawai yake da shi.

To cikin littattafan akwai wani dogo, labarin wani falke da ya yi tafiya mai nisa da ɗansa. A tsakiyar labarin suka zo ƙetare wani kogi, ruwa ya ƙwace yaron, ayari suka bi gaɓa suna nema suna kiran sunansa. Daga nan, a kaset ɗin, sai falke ya ɗaure kayansa, ya dubi kogin ya ce "Allah ya sada mu," ya ci gaba da tafiya. Har labarin ya ƙare ba a sake cewa ga abin da ya sami yaron ba.

Wannan littafi ya kama makafin nan ƙwarai, amma ba wanda ya kama kamar wani tsoho, Baba Tanimu. Da dukanci yake yi, ciwo ya cinye masa ido da girmansa. Matarsa ta rasu, ƙanwarsa Gwaggo Ladidi ce ke riƙe da shi a gidansu na gado. Yana da ɗa ɗaya tilo, wanda ya tafi kudu aikin katako shekaru da yawa, ba shi ba labarinsa. Baba Tanimu ya roƙi a yi masa nasa kaset ɗin daban. Kullum yana maƙale da 'yar rikoda, kullum wajen kogin nan yake tariyowa. In an yi gardama a zaure, wani ya ce yaron falke ya mutu, sai ya ɗaga sanda ya ce, "Wa ya ga gawarsa? Mai littafin da kansa bai ce ya mutu ba. Masunta sun tsince shi, yana wani gari, ya yi aure. Haka yara suke, in sun sami wuri sai su manta da gida." Kowa ya san ba yaron falke yake nufi ba, sai a ƙyale shi.

Ana nan damina ta yi nisa, komai na ɗaki ya yi sanyi. Ranar nan da hantsi Kubra tana koya wa ƙanwarta karatu da littafin falken, sai ta ji wata takarda mai kauri ta ɗan buɗe baki daga gefe. Ta sa farce ta bi a hankali. Ashe takarda biyu ce aka manne da ƙaro, danshi ya sa ƙaron ya saki. Ciki ga shafi biyu cif da ba ta taɓa gani ba tun da take. Ta karanta a tsaye. An tsinci yaron falke a ƙasan kogi, ba rai. Uban ya wanke shi da hannunsa, ayari suka yi masa salla, aka binne shi a gindin wata tsamiya. Bayan nan ne ya ce "Allah ya sada mu."

Kubra ta kai wa uwarta littafin a buɗe. Rakiya na gani ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo ni! Wallahi ni ce."

Da Badamasi ya dawo cin abincin rana aka ajiye masa littafin kusa da kwano. Ya duba, ya duba, sai abin ya dawo masa. Tun Kubra tana ƙarama, lokacin da ta fara haɗa baƙi, yarinya ce mai raunin zuciya, ko kaza aka yanka sai ta wuni ba ta ci abinci ba. Uwar ta ce wannan wurin ya yi mata nauyi, ta jiƙa ƙaro ta manne. Shi da kansa ya ɗora dutsen niƙa a kai don ya kama da kyau. Shekaru suka wuce, suka manta. Ranar ɗaukar murya shi ne ya juya takardar, ya ji kaurinta, ya ɗauka tsufa ne. Zancen kuma ya haɗu, ba wanda ya ji giɓi.

Kubra ta ce, "Baba, ke nan ni ma duk shekarun nan jiran yaron nake ya dawo?"

Ya ce, "Ke ma."

"Da kun bar ni na yi kukana tun lokacin."

Rakiya ta ce, "Don ke aka yi. Kina ƙarama."

"Na sani, Inna. Amma su Baba Tanimu ai ba ƙanana ba ne."

Badamasi bai ci abincin nan ba. Kunya ce ta kama shi, kunya mai tsanani, don muryarsa ce a kan kaset tana cewa ba ragi ba ƙari. Da la'asar ya je ya sami Sarkin Makafi a gefe ya faɗa masa komai, ya ce zai sake ɗaukar wurin, ya zo ya karanta musu abin da ya tsallake, ya nemi afuwarsu. Sarkin Makafi ya ce to, Allah ya kai mu. Kun san magana ba ta zama wuri ɗaya. Kafin a yi haka ta kai kunnen Gwaggo Ladidi.

Washegari da hantsi sai ga ta, lulluɓe, tana haki. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba. Ta ce a kori yara, aka kore su.

Ta ce, "Badamasi, na zo roƙo ne. Don Allah, don Annabi, kada ka karanta wa Yaya wannan wurin."

Ya ce, "Gwaggo, labari ne fa na littafi."

Ta ce, "A wurinka." Sai ta fashe da kuka. Da ta natsa ta ce, "Lawandi ya rasu. Ɗan Yaya. Itace ya faɗo masa a dajin da suke aiki, abokin tafiyarsa ya zo har gida ya faɗa mana, a can aka binne shi. Lokacin Yaya yana kwance, idon ya tafi ke nan, ko kunu ba ya iya haɗiya. Manya suka ce a bari ya ji sauƙi. Da ya ji sauƙi aka ce a bari azumi ya wuce. Azumi ya wuce, wani ya zo ya wuce. Manyan da suka ce a bari duk sun mutu sun bar ni da abin. Yanzu ta ina zan fara? Kaset ɗin nan naka shi ke riƙe da shi. In yaron littafi ya mutu, wallahi zuciyarsa za ta buga."

Jama'a, ku saurara, nan ne wurin. Da a ce matar nan muguwa ce, da abin ya zo da sauƙi. Ba muguwa ba ce. Ita ke dafa masa, ita ke wanke masa, ita ke jansa zuwa bakin masallaci. Ƙauna ce ta kawo ta. Rakiya ma da ta ji sai ta ce, "Malam, ko a gyara wa sauran, shi a bar masa nasa yadda yake? Wa zai cutu?"

Badamasi ya ce, "Gwaggo, maganar Lawandi sirrin gidanku ce. Ba tawa ba ce, kuma ba za ta fita daga bakina ba, na yi miki alkawari. Amma littafin nan ni na ɗauki amanarsa. Na ce masa ba ragi, ga shi akwai ragi."

Ta ce, "Shafi biyu ne fa kawai!"

"Shafi biyu ne. In na gyara wa sauran na bar shi, gobe yana zaune a zaure yana ɗaga sanda yana cewa yaro na raye, kowa ya san ba haka ba ne, ana taɓa juna ana shiru. Dattijo ne, Gwaggo. Ba zan mai da shi abin tausayi a cikin 'yan'uwansa ba."

"To in ya faɗi ya mutu, kai ka kashe shi."

Ya ce, "Wannan ita ce ke ba ni tsoro. Ba zan ce miki ba na tsoro ba."

Ta tashi ta fita, ko sallama babu.

Kada ku zaci daga nan ya ɗauki littafi ya tafi da ƙarfinsa. A'a. Kwanaki ya yi yana juya abin. Ya je rumfa ya kwance rediyon mutane ya rasa yadda zai mayar. In ya tuna tsohon ya ce a bari, in ya tuna muryarsa a kaset ya ce ba za a bari ba. Daga ƙarshe ya ce wa matarsa, "Na gano inda muke ta kuskure. Mun manne wa yarinyar nan ba mu tambaye ta ba. Gwaggo ta rufe wa yayanta ba ta tambaye shi ba. Ni ma ga shi ina nan ina yanke masa, in karanta ko kada in karanta. Shi fa yana da baki."

Ya aika wa Gwaggo Ladidi cewa gobe da hantsi yana tafe, don kada ta ce ya zagaye ta. Ya ɗauki littafin, ya ce Kubra ta biyo shi.

Suka sami Baba Tanimu a zauren gidansu a kan buzu, igiya a hannu, rikoda a gefe. Gwaggo Ladidi tana tsaye daga bakin ƙofar ciki, ta harɗe hannu, ba ta amsa gaisuwarsu ba. Badamasi ya durƙusa suka gaisa.

Tsohon ya ce, "Mai rediyo ne? Da 'yar mai murya? Lale, lale. Sabon littafi kuka kawo?"

Ya ce, "A'a, Baba. Laifi na kawo. A littafin falke akwai shafi biyu da ban karanta muku ba. Mun manne su tun yara suna ƙanana, muka manta. Na ce muku ba ragi, ashe da ragi. Ka yafe mini."

Hannun tsohon ya tsaya a kan igiya. "A ina?"

"Wajen kogi."

Badamasi ya ce, "Ba zan ɓoye maka ba, abin da ke ciki ba daɗi. In ka ce in karanta, in karanta. In ka ce in bari, in rufe littafin in tafi, kuma ba zan sake tayar maka da maganar ba. Kai ke da zaɓi."

Baba Tanimu ya ce, "Ni ke da zaɓi?" Ya ɗan yi dariya, ba ta daɗi ba. "Tun da idon nan ya tafi, ba wanda ya taɓa ce mini haka. A ce ci wannan, in ci. A ce zauna nan, in zauna. In na shigo ana magana sai a yi shiru, ana ganin ba na ji. Karanta, ɗana. Kai karanta naka, yarinya ta yi nata, yadda kuka saba."

Suka karanta. Badamasi ya karanta yadda aka ga yaron ya maƙale a saiwar itace. Ya karanta wankan, ya karanta sallar. Kubra ta karanta maganar wani saurayi cikin ayarin da ya ce a bar shi ya haƙa kabarin shi kaɗai, don abokinsa ne. Suka kai har gindin tsamiya, har "Allah ya sada mu." Badamasi ya rufe littafin.

Tsohon ya ce, "Ashe a lahira yake nufi."

"A lahira, Baba."

"Uban ya wanke shi da hannunsa."

"Da hannunsa."

Ya ajiye igiyar. Ya juya fuskarsa daidai inda ƙanwarsa take tsaye, don ya san tana nan, yana jin numfashinta. Ya ce, "Ladidi."

Ta ce, "Na'am, Yaya."

"Matso." Ta matso ta durƙusa. Ya laluba ya kama hannunta. Ya ce, "Zan tambaye ki sau ɗaya, kuma ki ji tsoron Allah. Lawandi yana raye?"

Ku sani, ɗan fari ne. Irin mutanen da, saboda alkunya, tun da aka haifi yaron nan ba a taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba sai ranar. Gwaggo Ladidi ta ji sunan, ta kasa ɓoyewa. Ta kifa kai a gwiwarsa ta ce, "Ya rasu, Yaya. Ya daɗe da rasuwa. Tun kana kwance."

Bai faɗi ba. Zuciyarsa ba ta buga ba. Ya yi salati, ya sake yi, hawaye na zuba daga idon nan da ba ya gani. Ya tambayi yadda aka yi, ta faɗa masa. Ya tambaya ko an yi masa salla, ta ce abokin ya ce an yi. Sai ya saki hannunta.

Ya ce, "Na daɗe ina zargi. Tsoro ya hana ni tambaya, ku kuma kuka ji daɗin shiruna. Amma Ladidi, kin san abin da kuka yi mini? Duk shekarun nan, kowace salla, ina cewa Allah ka tsare shi, Allah ka ba shi kasuwa, Allah ka juyo da hankalinsa gida. Har fushi na yi da shi. Har na ce ya manta da ni. Yaro yana kwance a ƙasa yana jiran ubansa ya nema masa gafara, ko sau ɗaya ban nema masa ba. Ko sau ɗaya."

Ya ce a kawo masa buta. Ya yi alwala a nan bakin zaure, ya fuskanci gabas ya ɗaga hannu, ya ce, "Allah ka jiƙan Lawandi." Ya yi ta maimaitawa. Badamasi da 'yarsa suka ce amin, suka tashi a hankali suka tafi.

Washegari tsohon ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya zauna karɓar gaisuwa kamar jiya aka yi rasuwar. Makafin garin suka zo a jere, kowa dafe da kafaɗar na gabansa. Aka yi gumba aka raba sadaka.

To kada ku ɗauka an yi wa Badamasi tafi. Ba a yi ba. Wasu suka ce shisshigi ne, mutumin da ya ƙi kai 'ya'yansa makaranta ga shi ya shiga gidan mutane ya tayar da ciwon da ya kwanta. Gwaggo Ladidi ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa. Shi kansa Baba Tanimu ya rame, ya yi wata da watanni ba ya zuwa zaure, tsakaninsa da ƙanwarsa sai a hankali aka shirya. Gaskiya ta yi masa ciwo, ba zan ce muku ba ta yi ba. Badamasi bai kare kansa wurin kowa ba. Ya sake ɗaukar wurin kogin, ya bi kaset-kaset ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ya gyara. Shi da matarsa da yaran suka zazzage adakar nan, suka bi kowane littafi takarda takarda, suka sami wasu wuraren da aka manne, suka ɓamɓare. Suka ci gaba da aikinsu har makafin wasu garuruwa suna aiko da kaset. Baba Tanimu ya rayu shekaru bayan haka, kuma waɗanda suka yi salla kusa da shi sun ce ba ya tashi daga sahu sai ya kira sunan ɗansa ya nema masa rahama.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Wanda duk ya zama idon wani, ko kunnen wani, amana ce a wuyansa, kuma ba ya halatta ya rage don yana ganin ya fi mai abin sanin abin da zai iya ɗauka. Ku lura da bawan Allahn nan. Bai tona sirrin da ba nasa ba. Bai je ya rafka wa tsoho mummunan labari don a ce shi mai gaskiya ne ba. Laifin kansa ya gyara, ya tambayi mutum abin da yake so, shi ke nan.

Mu fa? Yau a cikinku akwai wanda ya kai mahaifiyarsa asibiti, likita ya yi bayani da Turanci, ta ce me ya ce, ya ce mata ba komai, gajiya ce. Akwai wanda aka aiko wa mahaifinsa saƙo a waya, ya karanta masa rabi ya haɗiye rabi. Akwai gidan da aka yi rasuwa, kowa ya sani har yaran maƙwabta, tsohuwa kaɗai ce ba ta sani ba, tana can tana ajiye wa mamaci daddawa. Kuna cewa tausayi ne. Wani lokaci tausayin ne, ban musa ba, kuma mara lafiya ana jira masa lokaci, ana zaɓar lafazi. Amma ku tambayi kanku tsakani da Allah, shi kuke tausayi, ko kanku kuke tsoron ganin kukansa? Wanda bai san ajalinsa ya matso ba, yaushe zai nemi yafiyar mutane? Wanda bai san nasa ya mutu ba, yaushe zai yi masa addu'a? Wannan haƙƙinsa ne kuka riƙe, kuma za a tambaye ku.

Tsufa ba yarinta ba ce, makanta ba hauka ba ce. In ka koma gida yau akwai wanda ka rufe wa abin da yake nasa, ka zauna kusa da shi, ka sassauta murya, ka ce akwai magana, ba daɗi, kana so ka ji? Sannan ka yi shiru ka bar shi ya amsa.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, waɗanda muka sani da waɗanda ba a faɗa mana ba. Ku tashi a ta da salla.